Babbar Riga Ta Riga Ni Isa Jidda

Mu mutanen Yasore babu wanda zai koya mana jira. Duk wanda ya taɓa zama a tashar Batsari yana dakon mota ta cika ya san "yanzu za mu tashi" fatan alheri ne, ba alkawari ba. Amma tasha tana da mutunci. In ka zaga kama ruwa, yaron mota zai leƙo ya kira ka. In ka makara, sai ka tura yaro da gudu ya ce wa direba Malam na nan tafe, direba ya yi tsaki ya kashe mota. Ka jira shi, ya jira ka. Da wannan tarbiyya na faɗa harkar jirgin sama, inda na tarar rabin dokar kawai ake bi: kai dai ka jira.

Umra na yi niyya cikin watan Janairu, bayan na ajiye alli na karɓi kuɗin sallama. Ɗan ƙanwata, ɗan jami'a mai waya biyu, shi ya karɓi aikin yankar tikiti. Da yamma ya zo yana murmushi ya ce, "Kawu, na samo maka mai sauƙi." Mai sauƙin nan jirgi uku ne. Na farko daga Katsina zuwa Abuja da safe, na biyu daga Abuja zuwa Adis Ababa ta ƙasar Habasha da rana, na uku daga can zuwa Jidda da dare. Tsakanin na farko da na biyu awa uku, tsakanin na biyu da na uku awa ɗaya da 'yan mintoci. Na ce, "Anya ba su matsu ba?" Ya ce, "Haba Kawu, jirgi ne fa, ba motar kasuwa ba."

Hanyarmu ba a bin ta da duhu, saboda halin da dajin Rugu ya jefa mu, don haka tun ana gobe tafiya na hau babur zuwa Batsari, na shiga mota zuwa Katsina, na kwana gidan ɗan'uwa. Uwargida ta cika mini jaka da dambun nama da ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa, ta ɗora kwalbar man shanu a sama, wai abincin Larabawa ba ya da ƙamshi. Da sassafe na saɓa babbar riga ta shuɗiyar shadda mai aiki har ciki, na kafa hula, na isa filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa tun masu shara ba su gama ba.

Hazo ya rufe gari ruf. Ƙurar hunturun nan da ke tsage mana leɓe daga Sahara iska ke kwaso ta, mafi yawa daga ƙwarin Bodele a arewacin Chadi, kuma matuƙi ba ya sauka sai yana iya hangen titin jirgi daga wani nisa da aka ƙayyade. Ashe jirgin da zai ɗauke mu ma bai baro Abuja ba. Wayoyin fasinja suka yi ta ƙara da saƙon ban haƙuri, tawa shiru, domin lambar ɗan ƙanwata aka sa, shi kuma yana Yasore, inda sabis ke zuwa gaisuwa ya koma. Ban damu ba. Mu da aka yanke wa layin waya a watan Satumba na 2021, mu da Safana da Jibiya da Ɗanmusa, ƙananan hukumomi 13 a lokaci guda, mun saba labari ya iske mu bayan ya huce.

Kusa da ni akwai wani mai kwat da wayarsa ba ta rabuwa da kunne. Da aka cika awa biyu ya miƙe ya nufi kanta, ya karanto musu doka da ka. Ya ce sashe na 19 na dokokin hukumar NCAA ya tanadi cewa in jirgin cikin gida ya yi jinkirin awa biyu a ba fasinja abin taɓawa, in ya kai uku fasinja na da ikon karɓar kuɗinsa, in kuma dare ya raba a kama masa ɗaki. Duk muka tsaya a bayansa muna gyaɗa kai. Doka ta yi aiki: aka raba mana biskit da ruwan roba. Ya dawo ya zauna yana huci, ya cinye nasa a loma biyu, sannan idonsa ya sauka a kan jakata. Kafin azahar ni da lauyan jama'a mun ga bayan rabin dambun naman.

Ni damuwata daban ce. Na lallaɓa wurin wata yarinya a kanta na ce, "Ɗiyata, ki taimaka ki buga wa matuƙin na Abuja waya, ki ce akwai dattijo ɗaya daga Batsari yana nan tafe." Ta danne dariya, ta duba takarduna, sai fuskarta ta sauya. Ta ce, "Baba, tikitinka biyu ne daban-daban. Namu a Abuja ya ƙare. Wancan kamfanin bai san da mu ba, mu ma ba mu san da shi ba. In ka rasa shi, sabon kuɗi ne." A nan na gane inda sauƙin ɗan ƙanwata ya fito. Na koma kujera na ciro carbi, na shiga roƙon Allah ya yaye hazo, ya raba bayinsa da jinkiri a duk inda suke.

Da rana ta ɗaga sosai ƙurar ta yi sauƙi, jirgi ya sauka, muka shiga. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma mun iso Abuja awa ukun nan duk sun narke. Sai da na tsaya jiran akwati, sannan na ɗora shi a ka, na tattare hannuwan riga a kafaɗa, na zuba da gudu zuwa ɓangaren jiragen ƙasashen waje. Rabona da irin wannan gudu tun ina koyar da motsa jiki. Na iso kanta ina haki, na kasa ko sallama. Mutumin ya dube ni ya ce, "Alhaji, zauna ka huta. Jirginku bai iso ba, ya yi latti."

Jama'a, jinkirin da na wuni ina tsine wa, shi na tsaya ina yi wa godiya a bainar jama'a. Har sadaka na yi alkawari.

A wurin bincike aka tsare kwalbar man shanu. Jami'in ya ce ba a shiga jirgi da abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Na ce ai wannan ba ruwa ba ne, daskararre ne, da cokali ake ɗiba. Ya ɗaga kwalbar ya karkata ta. A sanyin Katsina gaskiya ce tawa, amma zafin Abuja da gudun da na sha sun riga sun ba da shaida a kaina. Muka rabu da ita ba ko ban kwana.

Sai da muka lula sama lissafi ya dawo mini: kowane minti da jirgin nan ya ɓata a Abuja, daga awa ɗayan nan ta Adis Ababa aka cire shi. Na sake ciro carbi, amma na rasa wace addu'ar zan yi, tun da ta safe da ta rana sun ci karo.

Maƙwabcina na kujera wani Alhaji ne daga Funtuwa, ɗan kasuwa, wanda hanyar ta zame masa ta zuwa gona. Ya ce, "Malam, ina haraminka?" Na ce yana jakar hannu. Ya ce tsakanin Adis Ababa da Jidda ake wuce daidai mikati a sama, bayan an tsallaka Bahar Maliya, kuma da wannan lattin babu lokacin sauya kaya a ƙasa. Shi ya saba, a tsaye yake ɗaura nasa cikin minti biyu, amma sabon shiga gara ya shirya tun yanzu, niyya kuma sai an zo wurin. Na ga hankali a maganar. Na shiga banɗakin jirgi, wanda in ka miƙa hannu ɗaya sai ka nemi izinin ɗayan, na yi kokawa da babbar riga har na fi ƙarfinta. Na fito da ƙyalle biyu farare, da silifas, da bel mai aljihu da na zuba fasfo da kuɗi. Alhaji ya ce, "Kawo ledar kayan in sa a jakata mai taya, ka ji daɗin gudu." Na miƙa masa riga da wando da hula, ina ta sa masa albarka.

Ana buɗe ƙofa Alhaji ya ce, "Biyo ni!" ya ɓace cikin mutane. Na dubi agogona, ƙarfe bakwai. Takarda ta ce jirgin Jidda tara da rabi. Na ce a raina, 'yan kasuwa dai ba su da natsuwa. Na nemi famfo na yi alwala, na haɗa magariba da isha'i a kusurwa, na yi addu'a doguwa har da ta zaman lafiyar yankinmu. Ina ɗagowa idona ya faɗa kan agogon bango: tara da 'yan mintoci. Na tare wani dattijo mai goge ƙasa, na nuna masa tsintsiyar hannuna. Ya ɗaga yatsu uku.

Bakwai a hannuna, tara a bango, uku a wurin ɗan gari, kuma duk cikinsu babu maƙaryaci. Habasha tana gaban Nijeriya da awa biyu, haka ma Saudiyya. Su kuma mutanen ƙasar daga fitowar rana suke fara ƙidayar awa, su sake sabuwa daga faɗuwarta, don haka taran dare ukunsu ne. Mutanen da shekararsu ke da wata 13 ba za ka yi musu gardamar ƙarfe nawa ba.

Na sake zubawa da gudu, wannan karon hannu ɗaya a ƙugu. Sai ga wani layin bincike, na masu sauya jirgi. Na'ura ta yi kuka a kaina. Jami'ar ta nuna bel, ta nuna tire. Na yi mata bayani da Turancin da na koyar shekara da shekaru cewa wannan bel shi ne ginshiƙin ginin gaba ɗaya. Ta sake nuna tire. Na cire, na damƙe zane da hannu biyu, na ratsa ƙofar na'urar da ƙananan taku, Turawa da 'yan Sin suna ba ni hanya da girmamawa.

Na iso ƙofar shiga an rufe. Ga jirgin nan ta gilashi, fitilunsa na walƙiya, ko motsi bai yi ba. Na ce, "Ga shi can! A ƙwanƙwasa masa mana!" Matar ta ce an rufe ƙofa, kuma in an rufe an rufe. Na ce kayana na ciki. Ta ce babban akwatina yana hannunsu, za a haɗa ni da shi a Jidda. Na ce ba akwati nake nufi ba, wandona. Ta duba kwamfuta, ba ta ga wando ba.

A nan dai tikiti ɗaya ya nuna amfaninsa. Da yake Abuja zuwa Jidda a takarda guda aka yanka, kuma lattin daga jirginsu ya faro, ba su nemi ko sisi ba. Suka mayar da ni jirgin gobe, suka ba ni takardar masauki da ta abinci, suka nuna mini bas. Da a Abuja abin ya same ni, da yanzu labarin sayar da gona nake ba ku.

Abin da ba su ba ni ba shi ne sutura. Adis Ababa tana bisa tsauni, sama da mita 2,300 daga teku, kuma da daren Janairu sanyinta kan sauko ƙasa da digiri 10. Tun da ban yi niyya ba, shari'a ta halatta mini in sa duk rigar da na ga dama. Rigar ce ta yi gaba. Na tsaya a bakin titi ina karkarwa, haƙora suna tasbihi da kansu. A masauki na yaye bargon gado na yafa, na sauko ɗakin cin abinci a haka. Aka kawo mini injera, wata faffaɗar waina mai tsami da suke yi da hatsin tef, da miya mai yaji. Na tuna da man shanuna, na yi shiru.

Ina kwance na yi ta ba kaina haƙuri da tarihi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921 ta jirgin ruwa ya je Hajji, har ya biya ta Ingila. Kakanninmu kuwa da ƙafa suka bi ta Chadi da Sudan, suna noma a hanya suna ƙara gaba, wasu su shekara bakwai, wasu su zauna can gaba ɗaya. Duk da haka, a labaran da tsofaffi suka ba mu ban ji wanda kayan jikinsa suka riga shi isa ba.

Washegari na isa filin jirgi tun ba a buɗe kanta ba, agogona a kan lokacin bango. Jirgin ya yi lattin kusan awa ɗaya, ko a jikina. Na shiga Jidda a shirye fiye da kowa, domin babu fasinjan da ya kai ni daɗewa cikin harami. Na yi Umra lafiya. A Makka na duba fuskar duk wani mai jaka mai taya, na yi wa baƙi da yawa sallama da Hausa, har da 'yan Sudan, amma ban ga mutumina ba. Ba mu karɓi lambar juna ba, sunansa ma Alhaji kawai na sani.

Don haka, Alhaji na Funtuwa, in wannan rubutu ya iso gare ka, ko ga wanda ya san ka: leda ce baƙa, a ciki akwai babbar riga shuɗiya da wandonta da hula. Hular ka riƙe, na yafe maka duniya da lahira. Rigar ce ba tawa ba. Ta yayana ce na ara, kuma duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya tambaye ni.