Mangwaro, Na'urar Sukari da Bashin da Aka Yafe

Na'urar gwajin sukari ta gida, wadda masu ciwon sukari ke ɗiga wa jinin yatsa don sanin halin da suke ciki, ba ƙirga sukarin take yi ƙwaya-ƙwaya ba. A bakin tsinken gwaji, wato 'yar siririyar robar da ake zura mata, akwai wani sinadari da ake kira enzayim, wanda idan ya haɗu da sukarin jini yakan haifar da ɗan ƙarfin lantarki, ita kuma na'urar ta auna wannan ƙarfi ta mayar da shi lamba cikin 'yan daƙiƙoƙi. Lambar ƙiyasi ce mai kyau, kuma ƙa'idar duniya mai suna ISO 15197, a bugunta na 2013, ba ta nemi fiye da haka ba, domin abin da ta sharɗanta shi ne kashi 95 cikin 100 na sakamakon kada su kauce wa na ɗakin gwajin asibiti da fiye da kashi 15 cikin 100 idan sukari ya kai 100, ko da fiye da maki 15 idan bai kai ba. Ke nan jinin da ainihin sukarinsa 150 ne, na'ura tana iya cewa 128 ko ta ce 172, ba wanda zai kai ta ƙara.

Marubucin wannan maƙala bai san haka ba sai da yatsunsa suka biya kuɗin makarantar. A makon da likita ya tabbatar masa da ciwon, ya huda yatsa ɗaya aka ce 138, ya ga shari'a ba ta tsayuwa da shaida guda, ya huda na kusa da shi aka ce 155, sannan ya kira ƙaramin yatsa ya raba gardama, shi kuma ya kawo 147. Kafin hantsi ya ƙarar da tsinke tara, ya kuma kai ga matsayar cewa hannunsa na hagu ya fi na dama lafiya, don haka shi kaɗai zai riƙa miƙa wa likita.

Akwai abubuwan da ke ƙara faɗaɗa wannan tazara. Enzayim ba ya jure zafi da laima, shi ya sa yawancin gwangwanayen tsinke ke ɗauke da umarnin kada a ajiye su a wurin da ya wuce digiri 30 ko kusa da haka, umarnin da marubucin ya cika ta hanyar ajiye nasa a aljihun mota, a Kano, a watan Afrilu, lokacin da ko a inuwa zafi kan haura 40. Ƙarancin jini ma yakan sa lambar ta hau sama da gaskiyarta, haka tsinken da wa'adinsa ya ƙare yana iya faɗin abin da ya ga dama.

Ruɗani mafi hatsari kuwa daga ma'auni yake zuwa, domin ana rubuta sukarin jini da awo iri biyu: miligiram a kowace desilita, wanda ake amfani da shi a Amurka, da milimol a kowace lita, wanda Ingila ke bi, kuma sai an ninka na biyun sau 18 kafin a sami na farkon. Wani ƙanen marubucin da ke aiki a Ingila ya aiko masa da na'ura tsaraba, ranar da ya fara gwada ta kuwa ta nuna 7.8. Da yake an riga an gargaɗe shi cewa duk abin da ya gaza 70 faɗuwar sukari ne, sai ya lissafa cewa da ƙyar ya rage a duniya, ya shanye kwalbar lemo a tsaye, ya bi da ƙwayar sukari uku, alhali ba ya karkarwa, ba ya gumi, kuma 7.8 ɗin nan kusan 140 ce. Bayan rabin sa'a na'urar ta ce 13.5, yana aika yaro ya ƙaro kwalba ta biyu sai 'yarsa mai karatun sakandare ta karanta masa ƙananan haruffan da ke gefen lambar.

Duk wannan bai kama ƙafar abin da mangwaro ya jawo ba. Sukarin da ya manne a fatar yatsa yana narkewa cikin ɗigon jinin, kuma da yake ɗigon bai kai kan ashana ba, ɗan abin da ido ba ya gani ya isa ya ninka sakamako, goga auduga da sifirit kuma ba ta cika kawar da shi ba, sai dai wanki da ruwa da sabulu a bushe hannu. Wata ranar Asabar marubucin ya zauna ya fere wa yara mangwaro bakwai yana haɗiyar yawu, bai kai ko yanka ɗaya baki ba, sannan ya goge hannu a gefen riga ya huda yatsa don ya ga ladan haƙurinsa. Na'ura ta ce 420.

Abin da ya biyo baya an yi shi cikin tsari da natsuwa. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya nemi gafarar uwargida, ya faɗi inda takardun gida suke, sannan ya aika aka kira wani maƙwabcinsa da yake bi naira 40,000 tun shekara biyu, ya yafe masa duniya da lahira a gaban liman da mai kanti. Maƙwabcin ya yi kuka sosai, kukan da masana har yanzu ba su tantance ko na baƙin ciki ne ba. Ana cikin haka uwargida, wadda tun farko take kallon ƙudaje na bin yatsun mai jinya, ta leƙo ta ce, "Malam, wai ka wanke hannu kuwa?" Aka kawo buta da sabulu, aka sake gwaji, na'ura ta ce 141.

Likitan da aka kai wa labarin ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya ba da hukunci mai sauƙi: lambar da ta saɓa wa yadda jiki ke ji a wanke hannu a maimaita ta da sabon tsinke, idan ta tsaya a kan bakanta a taho asibiti, idan kuma ƙasa ta yi tare da karkarwa da gumi a fara shan abu mai zaƙi kafin a tsaya bincike. Ya ƙara da cewa a riƙa zuwa da na'urar ranar ɗibar jini don a gwada ta da sakamakon asibiti, kuma gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku, shi ne ba ruwansa da mangwaro. Game da naira 40,000 kuwa, an tuntuɓi liman, ya ce yafiyar da aka yi a gaban shaidu biyu ba a wanke ta da sabulu.