Yadda Na Mayar da Kawu Saurayi

A danginmu, in ka taɓa saita wa wani agogon wayarsa, to ka zama injiniya har abada. Ni nawa laifin ya fi haka girma, don an gan ni na sayo wani ɗan akwatin ƙarfe a Beirut Road, na jona shi da kwamfuta, na kafa makirfo a kan tebur. Masu sutudiyo a Zoo Road saun kad suke ce masa. Aikinsa ya karɓi murya daga makirfo, ya mai da ita lambobi, ya miƙa wa kwamfuta ta wayar USB. Na saye shi ne da niyyar fara shirin hira a intanet, niyyar da har yau tana nan sabuwa fil, ba a taɓa ta ba. Labari ya je kunnen Hajiyarmu, daga ita sai kunnen yayanta, wato Kawu.

Kawu maganin gargajiya yake sayarwa: na basir, na shawara, na sanyin ƙashi, da wani na kwalba wanda shi kansa bai gama ƙirga cututtukan da yake warkarwa ba. Yana da tsohuwar mota mai lasifika a ka, yana cin kasuwannin mako, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil. Shekaru sun ja, maƙogwaro ya fara yi masa gardama, shi ne ya yanke shawarar a ɗauki tallan sau ɗaya a zuba a memori, lasifika ta riƙa yi masa ihun, shi ya ji da karɓar kuɗi.

Ya zo cikin babbar riga, ya sha turare, duk da na gaya masa murya kawai za a ɗauka. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya saki tallan tun daga sallama har farashi, da rantse-rantsen da ke tsakani. Da na kunna mu saurara, shiru kake ji. Makirfon irin na kondensa ne, ba ya motsi sai an ba shi wuta bolt 48 daga akwatin, maɓallin kuwa wani ɗan mitsitsi ne da aka rubuta wa 48V. Na danna shi a sace, na ce wa Kawu wancan gwaji ne, haka ake farawa a manyan sutudiyo.

Da aka sake, murya ta shiga, amma ta shigo da baƙi. Duk bayan 'yan kalmomi sai ka ji "ƙas", can kuma "ƙarat", wani wurin ma gaɓa guda ce ke ɓacewa. Inda Kawu ya ce maganinsa ba ya sa gudawa, sai "ba" ɗin ya faɗi a hanya, aka ji dattijo da bakinsa yana shelanta cewa ya sa gudawa. Ya dube ni, ya dubi akwatin.

"Kai yaro, wannan abin naka ɗan adawa ne?"

Na ce masa bafa ce. Kwamfuta ba ta karɓar sauti a zube, ɗiba take yi kaɗan-kaɗan. Akwatin yana auna murya sau 44,100 a kowace daƙiƙa, yana tara awon a wani ɗan ma'aji, kwamfuta ta zo ta kwashe kafin ya cika ya zube. Yi tunanin yaron da aka aika ɗebo ruwa a famfon da ba a rufewa. In ka ba shi kofi, sai ya yi ta sintiri a guje, da ya tsaya gaisawa da wani ruwa ya malale. In ka ba shi jarka, zai tafi a natse, amma mai jin ƙishi zai daɗe yana jira. Tawa bafar a kan 128 take, wato kwamfutar sai ta yi sawu wajen 345 a daƙiƙa ɗaya, ita kuwa 'yar gwanjo ce da ta ga jiya ta ga yau. Kowane sawun da ta makara, shi ne "ƙas" ɗin nan, ko kuma "ba" ɗin Kawu da ya yi ɓatan dabo.

Sai na ɗaga ta can ƙoli, 2048. Ƙas-ƙas ya ɗauke ɗif. Na ɗora wa Kawu hedifon a kan hula, na ce bismilla.

Mutumin da ya shekara aru-aru yana magana a tsakiyar kasuwa ba tare da ya haɗiyi yawu ba, sai ga shi yana in'ina. "Jama'a ga ma... maga... maganin... wane ne wannan?" Ya cire hedifon ya waiwaya bayansa. A 2048, murya kan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin ta shiga kwamfuta ta dawo kunne. A takarda ba wani abu ba ne, amma ɗan Adam in yana jin muryarsa a makare, harshensa sarƙewa yake yi, ko da shi ne sarkin maroƙa. Kawu ya ce wani ne a ciki yake maimaita duk abin da ya faɗa, kuma shi bai saba a yi masa amshi ba da izininsa ba. An gudu ba a tsira ba ke nan. Na sauko da bafa zuwa 512, na tabbatar manhajar ta bi ta ASIO, hanyar da kamfanin Steinberg na Hambug, masu Cubase, suka ƙirƙiro don sauti ya tafi kai tsaye ba tare da ya tsaya layi a cikin kwamfuta ba. Sannan na danna maɓallin da ke aika murya daga makirfo zuwa hedifon tun kafin ta je kwamfuta. Mai amshin ya kama gabansa.

Da ɗakin ya yi tsit, sai muka ji wani gurnani a ƙasa-ƙasa, "mmmmm", wanda ashe tun farko yana nan, hayaniyar sauran ce ta rufe shi. Wannan na san shi. Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, shi ya sa gurnanin sutudiyon Kano ya fi na can kauri. Na zare cajar kwamfuta, ya ɓace. Na mayar, ya dawo. Magani a fili yake: a yi aiki da batir. Sai dai batirin kwamfutata ba ya kai mutum ƙarshen alwala, balle tallan Kawu. Gidan kuma gidan haya ne, soket ɗin ramuka uku gare shi amma na ukun ado ne, babu wata waya da ta tafi ƙasa.

Ina cikin lalube sai hannuna ya taɓa jikin akwatin, gurnani ya ragu. Na ɗaga, ya dawo. Na cire silifa na taka siminti da tafin ƙafa, na sake taɓawa, ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. Wayar ƙasan da mai gida ya ƙi sa wa gininsa, ashe ni ne ita. To amma ni ke riƙe da linzamin kwamfuta. Na ƙwala wa ƙanena Auta kira, ya zo yana cin rake. Na sa ya cire takalmi, ya tsaya kan siminti, ya ɗora ɗan yatsa a kan akwatin, ban da motsi, ban da tauna. Ya ce yana jin wani zir-zir a yatsan. Na ce masa alamar aiki na tafiya ke nan. (Wannan ba shawara nake ba kowa ba. Mai hali ya kira mai gyaran wuta ya kafa masa sandar ƙarfe a ƙasa, ya bar ƙannensa su ci rakensu.)

Mun yi nisa, Kawu ya wuce basir ya shiga shawara, sai aka ɗauke wuta. Maƙwabcina ya tayar da ɗan injinsa, ya ba mu layi saboda girman Kawu. Gurnani ya dawo, amma yanzu ya koyi waƙa. Shi inji gudunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, da an ɗora masa nauyi sai ya sassauta, don haka duk sanda firjin maƙwabci ya tashi, gurnanin ya yi ƙasa, in ya huta ya haura. Auta ya ƙara yatsa na biyu.

Daga nan ne abin da ya kusa raba zumunci ya ɓullo: "dit-didit, dit-didit, dizzzz". Ya zo, ya tafi, ya sake zuwa. Hajiyarmu, wadda ta leƙo kawo wa yayanta kunun aya, ta tsaya a bakin ƙofa tana salati. Ta ce dama tun da na kama gidan nan ta ce a yi sauka ban ji ba, ga tsamiya a bayan katanga, me nake tsammani? Kawu ya ce shi ba mutanen ɓoye yake zargi ba, akwai wani mai magani da suke kafa mota kusa da juna a Wudil, ya san aikinsa ne. Ya fara laluben aljihu zai ciro laya, sai ga 'yar wayarsa rakani-kashi ta fito tana haske, ana kira. Ƙarar ta ninka.

Irin waɗannan wayoyi na GSM, da suka shigo ƙasar nan a 2001, ba sa magana da eriya a miƙe. Tsittsinka saƙon suke yi, wajen sau 217 a daƙiƙa, duk wata wayar sauti da ke kusa kuwa sai ta tsinci bugun. Duk wanda ya taɓa ajiye tsohuwar waya kusa da rediyo ya san ƙarar, takan riga kiran isowa. Na roƙi Kawu ya kashe ta. Ya ce ko da wasa, masu sari ke kira. Aka yi sulhu: Hajiya ta tafi da wayar tsakar gida, duk wanda ya kira ta ce masa Kawu yana gidan rediyo.

Ga shi watan Afrilu ne, zafin Kano ya kai inda yake kaiwa. Fanka a kashe don makirfon yana jin ta, taga a rufe don awakin unguwa. Kawu ya tuɓe babbar riga, ya tuɓe 'yar ciki, aka bar shi da singileti da hula da hedifon. Kwamfuta ita ma ta ɗau zafi, ga ƙurar hunturun bara cunkushe a fankarta, kuma in ta ji wuya rage gudu take yi don kada ta ƙone. Ƙas-ƙas ya dawo gaisuwa. Na kashe Wi-Fi, na hana ta dabi'arta ta kashe ramin USB don tattalin wuta, na cire akwatin daga mahaɗar da yake rabawa da linzami na ba shi raminsa shi kaɗai. Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne fiya wata biyu masu ƙanƙara da maiɗakina ta naɗe a tsohon ɗankwali, muka ɗora kwamfutar a kai. Ta ce in ya jiƙe ya ɓaci, sabo za a biya ta, kuma ba irin wannan ba.

Kafin magariba muka samu ɗauka guda tsaf, daga sallama har farashi. Auta ya ɗaga yatsunsa ya ce ba ya jin su. Na fitar da fayil, na kunna a lasifika.

Wani matashi ne ya fara magana. Kalmomin Kawu ne, rantsuwar Kawu ce, har ɗan tarin da yake yi kafin ya faɗi kuɗi, amma murya ta sirance, tana sauri, tana rawar kai. Akwatin a 44,100 ya ɗauka, awon faifan CD, ita kuwa manhajar ta liƙa wa fayil ɗin 48,000, awon masu bidiyo. Abin da aka auna a hankali aka karanto shi da gaggawa, gudun ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, murya ta haura da shi.

"Wane mara kunyar ne ke kwaikwayona?" in ji Kawu.

Wannan gyaransa bai fi danna abu biyu ba. Na daidaita lambobin, na fitar da sabon fayil, muryar dattijo ta dawo da kaurinta da kwarjininta. Na zuba masa a memori, tsohon fayil ɗin ma yana ciki don ba wanda ya ce a goge shi. Ya sa mini albarka, ya ba ni kwalbar nan mai maganin komai a matsayin ladan aiki, ya ba Auta na sanyin ƙashi saboda simintin da ya taka.

Ran Asabar da sassafe sai ga shi yana buga ƙofa. Yaron motarsa, wanda bai iya karatu ba, fayil ɗin farko ya kunna a Wudil. Na fara haɗa kalmomin da zan ɗora wa yaron laifi, Kawu ya ɗaga hannu. Ya ce tun da yake cin kasuwar bai taɓa ciniki irin na jiya ba. Tsofaffin da suka san muryarsa shekara da shekaru sun kewaye motar, kowa na tambayar wanne ne a ciki ya sha har ya koma haka. Ya nuna musu na kwalba. Kafin la'asar babu ko ɗaya.

"Yanzu abin da nake so," ya ce, yana cire takalmi zai shigo, "ka ƙara rage mini kamar shekara goma. Ina Auta?"