Ku Ci Gurasarku, Amma Ku Saurara

Na san abin da za ku ce, 'yan Fagge: "Alkamar da muka tashi muna ci a finkaso da alkaki ce yau ta zama guba? Cutar Turawa ce, ƙoshi ya yi musu yawa." To, Alhaji, gyara zama.

Cutar sunanta siliyak. A alkama da sha'ir akwai furotin da ake kira gulutin, shi ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari, jikinsa na ɗaukarsa abokin gaba, garin yaƙarsa sai ya lalata bangon ƙaramin hanji. Mutum ya ci ya ƙoshi, amma kamar ana zuba ruwa a kwando. Jini ya yi ƙasa, a yi ta shan maganin ƙarin jini a banza. In abin ya yi nisa, furotin ɗin jini mai suna albumin ya ragu, ƙafa ta kumbura, Hajiya ta ce sammu ne.

Batun ƙoshi kuwa, likitan Holan Willem Dicke a yunwar 1944 zuwa 1945 ya ga yara masu wannan cuta sun murmure da burodi ya yanke, suka sake kwantawa da ya dawo. A wani binciken da aka wallafa a 1999 kuma, an auna yaran Saharawi a sansanonin Aljeriya, aka samu kashi 5.6 cikin ɗari na da alamarta a jini. Su ma Turawa ne?

Ku kuma 'yan gayu masu zaga kantunan Sabon Gari neman biskit marar gulutin, ku daina murmushi. Gero, dawa, masara, shinkafa, acha, duk babu gulutin a ciki, kakarku ta riga ku da fura. Semo dai alkama ce tsagwaronta. Ɗanwake ma ku tambayi mai saida shi, da yawa yanzu da fulawa ake kwaɓawa.

Kada kowa ya yanke alkama kafin a gwada shi, don sakamakon na iya fitowa fes alhali cutar na nan. Wasu kuma jininsu na da ƙarancin furotin IgA, wanda gwajin ya dogara da shi, sai likita ya auna shi ma. Masu fulawa a Kasuwar Singa, ku kwantar da hankalinku, sauran mutum 99 cikin ɗarin nan naku ne.