Alƙalin karta, wai ku mutanen zango dariya kuke yi?

Na san abin da za ku ce, 'yan uwana na zangon Sokode. Wai duniya ta zo ƙarshe, tunda har karta ta samu alƙali. Ku kuwa na Dapaong kun riga kun yanke hukunci tun daga nesa: karta caca ce, mai yi mata alƙalanci kuma ɗan kamasho. To, Alhaji, a ɗan sassauta, a bari in kai aya.

Ba irin kartar gindin bishiya nake nufi ba. Akwai wadda ake saye ana tarawa, kowa ya haɗa tasa ya zo gasa da ita, irin su Pokémon da Magic, wadda Richard Garfield ya ƙirƙiro a Amurka, ta fito a 1993. A gasar Magic alƙali da littafinsa yake yawo, kuma hukuncin hawa-hawa ne: jan kunne, faɗuwa a wasa ɗaya, faɗuwa a karawar duka, sai kora. Ku da kuke kwana kuna musu a kan katin da aka ɗaga wa ɗan ƙwallon Semassi ko na Foadan, me ya zama baƙo a nan?

Mu fara da maganar caca, tunda ita ce sandarku. Wanda ya sa kuɗi a kan wasa a zauren gasa, ko ya ce wa abokin karawarsa "bar mini, na ba ka wani abu", ya faɗi karawar nan take. Haka wanda ya jefa kwabo don a fitar da gwani.

Inda abin ya fi burge ni shi ne yadda ake raba kuskure da coge. Hannunka ya zame ka ga kartar da bai kamata ka gani ba? Jan kunne ne, a gyara, a ci gaba, amma an rubuta, in ka maimaita hukuncin ya hau. Kafin a kira mutum macuci sai an tabbatar ya san abin da ya yi haramun ne, kuma riba yake nema. Mai nawa don tunani ya yi masa yawa, jan kunne. Mai nawa don lokaci ya ƙare yana kan gaba, kora. Daga waje duk ɗaya suke, mutum ya ƙura wa karta ido yana sosa ƙeya, alƙali ne zai tsaya a kansa ya karanci niyyarsa. Mu kuwa a wurinmu wanda ya fi murya shi ne mai gaskiya, in kuma ya girme ka, shi ke nan, "Baba ai ba ya coge."

Sannan ga ku, 'yan kallo. Kai Malam mai tsayawa a bayan mutum, kana tari sau biyu in ka hango babbar karta a hannunsa, can sunan tarin nan taimako daga waje. In kana cikin gasar ka yi asarar karawa, in ba ka ciki ana iya nuna maka ƙofa.

Za ku ce ai ƙananan yara ake hukuntawa, manya sun fi ƙarfin doka. A 2019, a wata babbar gasa a Landan, alƙalai suka duba kartar Yuuya Watanabe na Japan, ɗaya daga cikin gwanayen duniya, suka ga alamu a jikin rigunan wasu kartocinsa masu muhimmanci. Ya ce ba shi ya yi ba. Aka kore shi daga gasar, aka dakatar da shi wata 30, aka cire sunansa daga jerin gwarazan wasan. Yanzu ku ɗauko kartar majalisarku ku duba: wannan ta lanƙwashe a kunne, waccan da ɗigon manja, kowa ya san su kamar 'ya'yansa. Da alƙalin Landan zai biyo hanyar Lome zuwa Cinkassé, ya yada zango a Sokode, ko sallama ba za a gama ba zai kori majalisar gaba ɗaya. Na Dapaong kada ku yi murna, motar da ta sauke shi can ita za ta kawo shi wurinku.