Gida Mai Ɗumama Kansa

Bakano yana iya jure ranar da ke narkar da kwalta a titin Gwammaja bai ce uffan ba. Amma bari hunturu ya buso a watan Disamba, hazo ya rufe Dutsen Dala: sai ka ga ƙato ya jera riguna uku, ya naɗe kai, ya toshe kunne da auduga, yana gaisuwar "ina sanyi" da muryar ta'aziyya. A sahun masu wannan hali ni ne liman. Tun ina makarantar allo a Madigawa babu abin da na tsana irin ruwan randa da asuba.

Da aka raba gadon gidanmu kowa ya karɓi nasa, sai na shiga neman muhalli, da sharaɗin kada in fita daga cikin ganuwa. Dillalin da aka haɗa ni da shi ya fara da kirana Malam. Da ya ji abin da ke hannuna sai na zama Alhaji, alhali ko filin jirgi rakiya kawai ke kai ni. A ƙarshen 2024, ana tsakiyar muku-muku, ya ja ni wani lungu ba nisa da Ƙofar Mazugal.

"Alhaji, wannan gida bai san hunturu ba. Shi yake ɗumama kansa."

Asalinsa tsohon soro ne. Wani ɗan kasuwa mai zuwa sarin kaya Turkiyya ya saye shi, ya rushe, ya tayar da ginin bulo, ya rufa kwano, ya shimfiɗa tayil har zaure. Ya ga mutanen Istanbul suna ɗumama gida da gas, ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba. Ya gina kejin ƙarfe a bayan kicin, ya girke manyan tukwanen gas biyu masu kilo 50, ya ja bututu zuwa murhu, da hitar ruwa ta banɗaki, da hita a kowane ɗaki. Muna shiga falo ɗumi ya tarbe ni. Dillali ya murɗa famfo, ruwa ya fito yana tururi. Na tara hannu, na lumshe ido. Kafin in buɗe na riga na ba da kafin alƙalami.

Ranar tarewa na zaga bayan kicin don in yi bisimillar kunna gida, na tarar da keji wayam, tiyo biyu suna lilo. Na kai ƙara wajen mai unguwa. Ya saurare ni tsaf, ya gyara zama.

"Abin da aka kafe a bango na gida ne. Abin da ƙarti biyu za su iya cicciɓa, na mai shi ne. Da ka tarar da akuya a turke ranar duba gida, ita ma da ita ka saya?"

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, akuya ba ta ɗumama falo." Ya ce in ji da nawa.

A wurin mai gas na koyi cewa ciniki biyu ne: kuɗin tukunya daban, kuɗin abin da ke cikinta daban. Yana ɗora ta a sikeli yana ba ni tarihi. A 2020 da naira 4,000 da 'yan kai ake cika ƙaramar tukunya mai kilo 12.5. A wancan hunturun ta haura 15,000. Tawa kuwa huɗunta ce, kuma guda biyu. Ya ce kaso mai yawa na gas ɗin nan daga Bonny yake fitowa, jirgin ruwa ya kai shi Legas, tanka ta ɗauko shi ta yi tafiyar wajen kilomita 1,000 kafin ya ga Kano. Tun da aka saki naira a 2023 kuɗinsa ke bin dalar Amurka sau da ƙafa, ga tsadar man dizal na tanka a kai. Na ce to ni me ya haɗa ni da Amurka? Ya ce, "Ruwan zafi, Alhaji."

Sai ɗauka. Cikakkiyar tukunya, in ka haɗa da nauyin ƙarfenta, tana neman kilo 100. Adaidaita Sahu ya kawo mu bakin lungu ya ce nan ikonsa ya ƙare, domin magabatan da suka tsara lungunan birni da jaki suka yi awo. Aka nemo 'yan dako. Suna nishi, yara suna binmu a baya, wata tsohuwa ta leƙo ta ga abin da ake shiga da shi, ta janye jikanta da tunkiyarta ciki ta saka sakata.

Daren farko na yi barcin sarakuna. Washegari ƙanena, wanda ya yi karatun injiniya, ya zo ganin gida da biro a aljihu, abin da ba ya kawo alheri. Ya ce hitar ɗaki irin wannan, in an buɗe ta duka, tana shan kusan giram 300 a awa. Ɗaki uku, awa takwas na dare, ya haura kilo 7. Wato tukunya guda a mako, ba a yi girki ba, ba a yi wanka ba. Hitar ruwa kuwa, in tana aiki ba tsayawa, tana iya lashe fiye da kilo ɗaya da rabi a awa. Sannan ya ƙara da nasiha: kada a kuskura a kwana da hita a kunne taga a rufe, domin wuta tana cinye iskar ɗaki, tana kuma iya fitar da gubar nan marar wari da ke kashe masu kwana da gawayi ko janareta a rufaffen wuri. Daga ranar muka koma buɗe taga. Ɗumi ya fita ta sama, sanyi ya shigo ta ƙasa, magunan unguwa suka mayar da gindin tagata wurin hira.

Labarin famfo mai tururi bai kwana ba ya zaga lungu. Da fari buta ɗaya ce ta shigo da asuba, ta wani dattijo mai ciwon gwiwa. Wa zai hana dattijo ruwan alwala? Kafin mako ya zagayo, butoci sun yi layi daga banɗaki har zaure. Ranar Juma'a liman ya yi addu'a ta musamman ga "wani bawan Allah da ba ya son a ambaci sunansa", sahu gaba ɗaya ya juyo ya dube ni.

Ana cikin haka 'yar maƙwabcinmu ta haihu, ta dawo gida wankan jego. A al'ada miji ne ke sayen itacen dafa ruwan, safe da yamma, har a yi arba'in. Wannan miji ya zo da kansa, ya durƙusa a zaurena.

"Kawu, ai kai uba ne. An ce naku ba ya hayaƙi."

Da na shiga ciki ina ƙunƙuni, uwargida ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafa ba.

"Abban yara, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa."

Wata asuba wuta ta yi laushi, ruwa ya ƙi zafi. Na fita na taɓa tukunya, na ji ta yi sanyi ƙarara. Tausayi ya kama ni, na ɗauko bargona na lulluɓa mata. A haka Hajiyarmu, wadda ta zo mana kwana biyu, ta fito ta same ni: ni a tsugune da singileti ina rawar ɗari, tukunya a cikin bargo. Daga baya ƙanena ya ce ruwa ne a cikinta, in yana juyewa iska da sauri sai ya zuƙe ɗumin ƙarfen, musamman in ta kusa ƙarewa. Hajiya ba ta jira wannan bayani ba. Ta ce a kira mata mai Adaidaita.

Na raka ta gidan ƙanwarta a Adakawa, tsohon soro mai azara, kaurin bangonsa ya kai kamu guda. Babu hita, babu bututu, ɗan kaskon garwashi ne aka shiga da shi da magariba aka fitar kafin barci, amma ɗakin lumus. Bangon ƙasa yana shan rana yini guda, ya riƙe, ya saki da dare a hankali. Da bazara kuma ya tsare zafin a waje har yamma. Wannan fasaha ce magina suka bar mana kyauta, ɗan kasuwar nan ya biya lebura suka rushe ta.

Bazarar ta zo ta tabbatar. A watan Afrilu, ma'aunin zafi yana taɓa 40, kwano ya ɗauka, bulo ya amsa, gidan ya cika alkawarin dillali fiye da yadda aka nema: ya ɗumama kansa ba tare da kilo ko ɗaya ba. Muka kwashe tabarmi muka koma tsakar gida, hitoci uku suna ciki suna hutawa. Masu butoci kuwa ko sallama.

Na ɗan rarrashi kaina da labarin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020. Na ce yana isowa zan ja reshe. Ƙanena ya ce wancan wani gas ne daban, na tashoshin lantarki da masana'antu, kuma lungun da Adaidaita ya kasa shiga ba bututun gwamnati ne zai shige shi ba.

A watan Oktoban 2025, bayan yajin aikin ma'aikatan mai, gas ya yi wuya, farashi ya yi tsalle, aka koma layi da tukwane. A makon ne na hangi 'yar maƙwabcin nan ta wuce da sabon ciki. Na saka takalmi na nufi wurin dillali.

"Malam," ya ce da ni, "ba a sayar da irin wannan gida yanzu. Ka bari hazo ya sauko sosai. Ranar da zan kawo mai saye, ka cika tukwane, ka kunna komai tun asuba, ka rufe tagogi. Ranar tarewa kuma ka san 'yan dako."

Na tambaye shi nawa ne la'ada.