Kafin Ka Kira Mai Fenti, Ranka Ya Daɗe

Alhaji mai filin wasa, sashen yaran nan naka ya tsufa, kai ma ka sani. Dokin ƙarfen da ke juyawa ya rasa kunne ɗaya, jirgin ƙasan ba ya tashi sai samari biyu sun tura, lilon kuwa in ya fara kuka ana jinsa tun daga bakin ƙofa. Iyayen da ke kawo 'ya'yansu yau, da yawansu a kan wannan dokin aka ɗauke su hoto suna 'yan shekara biyar. Na san abin da ke ranka: a kira mai fenti ya shafe komai da ja da rawaya kafin sallah, a ɗaura balan-balan a ƙofa, shi ke nan. Ajiye wayar tukuna. Fenti a kan tsatsa hoda ce a fuskar da ba a wanke ba, ruwan farko na damina zai tona asiri.

Kada tsufan wurin ya ba ka kunya, ya sami waɗanda suka fi ka jari. A Disneyland da ke Anaheim ta jihar Kalifoniya akwai sashen ƙananan yara mai suna Mickey's Toontown, wanda aka buɗe a watan Janairun 1993. Shekara goma kacal ya yi, ƙaramar motar dogon da ke kai da kawo a cikinsa, Jolly Trolley, ta daina tafiya a 2003, aka bar ta a tsaye ana ɗaukar hoto a jikinta. Da tsufa ya yi tsufa sai masu wurin suka garƙame sashen gaba ɗaya a watan Maris na 2022, ba su sake buɗe shi duka ba sai 19 ga Maris, 2023. Kusan shekara guda ba yaron da ya taka wurin. Zan riƙa jawo maka abin da suka yi, domin akwai abin ɗauka a ciki ko da asusunka bai kai na mai sayar musu da gugguru ba.

Aikin farko ba ya cin ko kwabo. Ka zo da safe, ka cire babbar riga, ka ba direba hula ya riƙe, ka durƙusa, ka zagaye sashen da rarrafe. Ma'aikata za su yi dariya, ƙyale su. Ɗan shekara uku bai kai mita ɗaya ba, kuma duk shekarun nan daga sama kake kallon wurin da shi yake kallo daga ƙasa. A can ƙasan ne za ka ga kan ƙusar da ya leƙo daga katako, da wayar lantarkin da ɓera ya ɓare, da bakin kwanon da ya tashi daidai goshin yaro, da allon sanarwar da aka kafa can sama inda sai dogo zai karanta. Ka tafi da tef ɗin awo a aljihu. Hukumar Amurka mai kula da amincin kayan da ake sayar wa jama'a tana da littafin jagora a kan filayen wasan yara, kuma abin da ta ce shi ne duk wata kafa tsakanin ƙarafa da ta kai inci 3.5 amma ba ta wuce inci 9 ba tarko ce: jikin yaro zai shige, kansa ya maƙale. Ta kuma ce a bar fili aƙalla ƙafa 6 a kewayen abin hawa, a shimfiɗa abu mai laushi kamar yashi ko ɓarzajjen katako mai zurfin inci 9, ban da kankare, ban da kwalta, ban da busasshiyar ƙasa. Yashi kuwa, alhamdu lillahi, ba sai an yi odarsa daga Turai ba, tifa biyu ta wadatar.

In ka gama rarrafen, ka dawo da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, ka hau abin zamiyar nan na ƙarfe ka zauna a kai, ka ƙirga zuwa goma a hankali. In ka kai goma a bar shi. In tun a uku ka yi salati ka diro, to ka san abin da cinyar 'yar shekara huɗu ke sha, kuma ba sai wani injiniya ya rubuto maka rahoto ba.

Bayan nan sai naɗa kwamiti. Mutum uku sun isa: kaka ɗaya mai ciwon gwiwa, mai goyo ɗaya da ke jan wasu biyu a hannu, da yaro ɗaya wanda bai iya ɗaura takalminsa ba. Kakar ce shugaba, alawus ɗinta goro fari da kuɗin mota. Ka bi bayansu da littafi da biro, kada ka ce uffan. Duk inda kaka ta tsaya ta dafa ƙugu, rubuta benci. Duk inda ta kare ido da hannu, rubuta bishiya. Duk inda mai goyo ta waiga hagu da dama tana neman lungun da za ta kwance zani ta shayar, rubuta ɗaki mai labule da tabarma da fanka. Inda yaron ya fizge hannu ya ruga, ka je ka ga me ya ja shi. Sau da yawa ba injin da ka kashe miliyoyi a kansa ba ne, famfon da ke ɗiga ne a bayan shago.

Da gaske nake wannan maganar ta kwamiti, domin ita kanta Disneyland a kan benci aka haife ta. Walt Disney ya sha ba da labarin yadda yake kai 'ya'yansa mata biyu, Diane da Sharon, wurin dawakan juyi na Griffith Park a Los Angeles ranar Asabar, su hau, shi kuma ya zauna a benci yana cin gyaɗa, har ya fara tunanin a ce akwai wurin da iyaye da yara za su yi nishaɗi tare. Mutumin da ke zaune a bencin shi ne ya biya kuɗin tikiti, shi ne kuma zai ce "ku zo mu tafi gida". In rana ta dake shi, ƙarfe ɗaya zai tattara yaransa suna kuka. In ya sami inuwa da wurin miƙe ƙafa, sai an kira magariba, kuma kafin nan ya sayi zoɓo sau uku, da awara, da askirim ɗin da ya rantse ba zai saya ba.

Abin da ya fi burge ni a gyaran Toontown ke nan. Kamfanin da ke iya ƙera kowane irin inji ya zauna ya yi tunani, sai ya buɗe fili mai shimfiɗar ciyawa inda iyali za su baje, ya sa maɓuɓɓugar ruwa da yara za su tsoma hannu, ya ƙera bishiya mai manyan saiwoyi a waje don masu rarrafe su haye su gangaro. An cire dakalan gefen hanya saboda keken jarirai da keken masu buƙata ta musamman su wuce ba cikas. An rage kaifin launuka da ƙarar sauti, an ware wani lungu mai shiru don yaron da hayaniya ke firgitawa. Har kwandon abinci da abin shimfiɗa ake sayarwa a wurin. Wato dai bayan shekara talatin sun gano tabarma a gindin bishiya, abin da kakarka ta sani tun tana budurwa. Kai da ka gaje shi, kada ka bari a riga ka. Dasa darbejiya, dasa mangwaro, dasa ceɗiya wadda reshenta kawai ake kafawa da damina ya kama. Kafin su girma a kafa rumfuna. Wanda kuma ya zo maka da shawarar sare tsohuwar tsamiyar tsakiyar fili don a faɗaɗa wurin ajiye motoci, ka ba shi lemo mai sanyi, ka raka shi har bakin ƙofa, ka faɗa wa maigadi ya riƙe fuskarsa.

Yanzu ga jarrabawar da ke kayar da masu filaye. Wani ɗan kwangila zai zo da waya ya nuna maka bidiyon wani ƙaton inji mai wulwula mutane a sama suna ihu, ya ce a rushe sashen yara a kafa shi, samari za su cika wurin. Za su cika, ba ƙarya. Sai dai injin yana zuwa da allon awon tsawo, kuma duk wanda bai kai ba zai tsaya a bayan shinge riƙe da zanin uwarsa. An yi haka a ɗaya filin na Disney da ke kallon Disneyland, wato California Adventure: sashen ƙanana mai suna A Bug's Land da aka buɗe a 2002 an rufe shi a watan Satumban 2018, Avengers Campus ya maye gurbinsa a 2021. Matasa sun samu, amma wani jirgin tsutsa na sashen mai tafiya a hankali da ɗan shekara biyu ke hawa yana tafi ya tafi ke nan, kuma ni har yanzu ina ganin an yi wa ƙanana ƙwace. A Toontown kuwa babban abin hawan da aka ƙara a Janairun 2023, Mickey & Minnie's Runaway Railway, ba shi da awon tsawo ko kaɗan. Jariri a cinya, kaka a gefe, yaya a gaba, duk a tafi tare. In za ka sayi sabon abu ɗaya tak, ka sayi wanda gida guda za su shiga lokaci ɗaya. Samarin a nema musu wani gefen fili, ai Allah ya hore maka ƙasa.

Tsofaffin injinan kuma kada ka yi saurin kiran 'yan gwangwan. Ƙaramin jirgin gudun Toontown na 1993 yana nan, gyara shi aka yi aka ɗan sauya masa suna. A lambun Tivoli na Kofanhegan da aka buɗe a 1843, jirgin gudu na katako da aka gina a 1914 yana aiki har gobe, da mai birki zaune a cikinsa yana ja da hannu. Abin da ya raya su shi ne bakanike mai zuwa kowace safiya da gwangwanin giris da sifana, ya taɓa kowane noti, ya rubuta a littafi ya sa hannu. Nemi irin wannan mutumin, ka biya shi albashin da ba zai bar ka ya koma gareji ba, ka kuma ba shi ikon rufe kowane inji ko da ranar sallah ce, ko da layi ya kai titi. Dokin mai kunne ɗaya a kai shi wurin mai walda. Uban da ya hau shi yana yaro zai ɗora ɗansa a kai ya ɗauki hoto ya tura wa duk dangi, kai kuma ba ka biya kuɗin talla ba.

To, wa za a zana a bango? A Ingila hayar taurarin talabijin na yara suke yi: Drayton Manor ya buɗe Thomas Land a 2008, Paultons Park ya kawo Peppa Pig a 2011, Alton Towers ya yi CBeebies Land a 2014. Wannan hayar kuɗi ce mai nauyi, kuma ɓeran nan mai karkataccen kunne da mai fentin unguwa ke zanawa ba ya kama da kowa. Kai kana da taurarin da ba mai karɓar ko sisi a kansu: Gizo da Ƙoƙi, Kura, Ɓotorami, Dodo. A yi gidan Gizo da raga ta igiya mai kauri da yara za su hau, a yi bukkar Ƙoƙi da 'yan tukwane da ludaya don wasan girki, a share dandalin langa da 'yar gala-gala, a ajiye wata gwaggo mai bakin tatsuniya bayan la'asar. Efteling na ƙasar Holan da tatsuniyoyin Turai ya fara a 1952, kuma tun 1959 yake da wani ƙaton mutum-mutumi mai buɗaɗɗen baki da ke kiran yara su kawo masa takarda, in an jefa masa ya yi godiya. Yara har tsintar shara suke yi don su ciyar da shi. Wa ya fi Kura dacewa da wannan aiki? A ƙera ta da haƙora da ƙaramar lasifika a ciki, tana kukan yunwa, ka ga ko ledar ruwa ɗaya za ta kwana a ƙasa.

Ita kuma babbar lasifikar da ke girgiza ƙirjin jarirai, a mayar da ita can wurin samari.

Saura ranar buɗewa, kuma a nan ina roƙonka da girman Allah kada ka sa ta ranar sallah. Ranar 17 ga Yuli, 1955 da aka buɗe Disneyland, mutane kusan 28,000 suka shiga, da yawa da tikitin jabu. Kwaltar da aka zuba ba ta gama bushewa ba, tsinin takalman mata na nutsewa a ciki. Masu aikin famfo sun yi yajin aiki, dole aka zaɓa tsakanin banɗaki da famfunan shan ruwa, aka zaɓi banɗaki, jama'a suka sha ƙishirwa cikin zafi. Kai ka haɗa duka biyun tun da wuri: tankin ruwa a cike, banɗakin mata ya ninka na maza yawa, da 'yar ƙaramar masai daidai yaro, da butoci masu yawa, da wurin alwala da na salla a kusa yadda uwa za ta idar tana jin muryar 'ya'yanta. Mako biyu kafin sallah ka gayyato 'yan firamaren unguwa da yaran gidan marayu kyauta, ka sake su a wurin yini guda. Abin da zai karye ya karye a ranar, bakanike na tsaye. Ƙofar sashen ta zama ɗaya tak, da mai tsaro mace wadda ta iya rarrashi, a ɗaura wa kowane yaro lambar wayar wanda ya kawo shi a hannu, domin ran sallah rabin yaran anko ɗaya suke sanye da shi, kuma duk uwar da ta ɗaga murya ta kira Ummi, Ummi goma ne za su waigo.