Giwa da Ɓarawon Rumbu

Ga ta nan, ga ta nanku.

A dajin da ke bayan Dutsen Wusasa, inda akan jiyo ƙararrawar majami'a ran Lahadi, dabbobi ma suna da tasu majami'ar a gindin wata tsamiya. Kunkuru ne fasto, Ɓauna dattijon ikkilisiya, Giwa kuwa uwar zumuntar mata. Da kaka ta yi, kowa ya kawo baikon godiya, dawa da gero da gyaɗa, aka zuba a rumbu saboda gwauraye da marayu.

Ana nan, ana nan, sai gyaɗa ta fara raguwa. Wata asuba Zakara ya ji motsi a rumbu, ya yi cara ba lokacin cara ba. Aka taru. Ashe Biri ne a ciki, ya shiga ta sama, gyaɗa ta yi ƙasa, fita ta gagara.

Ɓauna ya hau huci yana tonon ƙasa. Ya ce, "Ku ba ni wuri in tunkuye rumbun nan, in tattake ɗan banza!" Gizo, wanda ba a raba shi da taron kallo, ya fi kowa zuga.

Giwa ta tako a hankali, don kullum sai ta duba inda za ta sa ƙafa saboda 'yan tsakin Zabo. Ta ce, "Dattijo, in ka fasa rumbu, me gwauraye za su ci da bazara?" Ɓauna ya ce, "Mama, sanyin halinki ne ke lalata yaran nan." Da ta ga dama, da hannu ɗaya za ta jefa shi bayan tsamiya, kowa kuma ya san haka. Ba ta tanka ba. Ta zura hannunta cikin rumbu ta ce, "Ɗana, kama. Ka ji ciwo?"

Biri da ke jiran duka ya fashe da kuka. Da ta sauke shi, ya ce uwarsa ce kwance tun damina, kuma Gizo ne ya nuna masa hanya, suna raba gyaɗar biyu. Aka waiwaya, Gizo ya sulale.

Kunkuru ya iso a makare, kamar kullum. Ya tuna musu da karatun Lahadin da ta wuce, Galatiyawa sura 6, inda Bulus ya yi zancen yadda za a komo da ɗan'uwan da aka kama da laifi. Ɓauna ya sunkuyar da kai, don shi ya karanta wa jama'a wurin.

Amma Giwa ba ta ce an yafe a tashi ba. Ta ce, "Ɗana, abin marayu ka ci, sai ka biya. Da damina kai ne mai gadin gonar majami'a." Da yamma ta ɗauki kwaryar gyaɗa daga nata rumbun, ta kai wa uwar Biri.

Gizo kuwa, ta same shi shi kaɗai a gida, ta yi masa magana ba wanda ya ji. Ya rantse ya tuba. Da kaka ta zagayo aka kama shi a rumbun Zabo. Biri ne ya kama shi, bai kuwa dake shi ba, ya riƙo hannunsa har ƙofar Giwa.

Ƙurunƙus kan kusu.